Kafin ka ƙara wani kayan aiki a manhajarka

Idan za ka fara gina manhaja, ɗauki kayan aikin da ke iya abubuwa da yawa, ka matse shi har ya nuna maka inda ƙarfinsa ya ƙare. Ni dai PostgreSQL nake fara ɗauka a matsayin rumbun bayanai, kuma galibi a nan nake tsayawa.

Yawancin abin da ke sa mutane garzayawa neman wani kaya daban, shi ma yana yi. Bayanai irin na JSON, wato tsarin da manhajoji ke musayar bayanai da shi? Tun sigar 9.4 ta 2014 yake da JSONB na adana su. Binciken kalmomi cikin rubutu ya shigo cikinsa tun 8.3. Har jerin ayyukan da ke jiran a aiwatar, kamar tura imel, tebur guda ya isa idan ka haɗa da umarnin SKIP LOCKED da ya zo a 9.5: kowane ɓangaren manhaja ya ɗauki aikin da ba a riƙe ba, ya bar wanda wani ya riƙe.

Ranar da manhaja ta fara nauyi, kada ka yi hasashe, gani ya kori ji. Sa EXPLAIN ANALYZE, umarnin da ke nuna yadda rumbu ke nemo amsa, a gaban tambayar da ke jan ƙafa, ka karanta abin da ya fito. In ka ga Seq Scan a kan tebur mai layuka miliyoyi, wato rumbu na bin layukan ɗaya bayan ɗaya, ga dukkan alamu fihirisa (index) ce babu, kuma umarni ɗaya zai warware ta. Mutane da dama sun kinkimo Redis, wani rumbu mai saurin gaske, saboda matsalar da ba ta wuce wannan ba.

To idan ka auna, ka gyara, abin ya ƙi? Yanzu ne kaya na musamman ya cancanci shigowa. Redis yana riƙe bayanai a RAM, ma'ajiyar kwamfuta mai sauri, don haka ƙidayar da ke canzawa kowane daƙiƙa ba ta yi masa wahala. Elasticsearch, injin bincike, ya fi ƙwarewa wajen jera sakamakon bincike bisa dacewa. Kafka kuwa, wadda ke jigilar bayanai tsakanin manhajoji, a kamfanin LinkedIn aka gina ta kafin a sake ta ga kowa a 2011, domin kwararar bayanai irin ta LinkedIn. Taka ta kai haka?

Kafin ka girka, zauna ka rubuta wanda zai riƙa sabunta shi, wanda zai ajiye kwafinsa, da wanda za a tasa cikin dare idan ya tsaya. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bayani ɗaya a wuri biyu: mai amfani ya goge rubutunsa daga rumbu, amma bincike yana ta nuno shi. Tsayar da rumbu ɗaya a matsayin mai gaskiya, sauran su zama kwafin da za ka iya rushewa ka sake ginawa daga gare shi. Sannan duk kiran da manhajarka za ta yi wa sabon kayan ya bi ta fayil guda, yadda in ka tashi cire shi wuri ɗaya za ka taɓa.