Yadda ake kawar da kashin kare ba tare da an ɓata ƙasa da ruwa ba

Masu kiwon kare da yawa suna ɗaukar kashinsa tamkar na saniya ko na akuya, wai a bar shi inda ya faɗi, rana ta busar, ƙasa ta cinye, ya zama taki. Ai ba haka abin yake ba. Saniya ciyawa take ci, ciyawar ce kuma take komawa ƙasa. Kare kuwa nama da dangoginsa ne abincinsa, shi ya sa kashinsa yake ƙona ciyawar da ya zauna a kai, ga tsutsar ciki da ƙwayoyin cuta masu kama mutum. Kuma ba kaɗan yake yi ba. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ƙiyasta cewa matsakaicin kare yana fitar da wajen kilo 124 a shekara. Mai karnuka uku sai ya yi lissafinsa.

Hanyar da za ta dace da kai ta danganta da inda kake zaune: kana da fili ko babu, wace irin ƙasa ce a filin, ina kuma ruwan bandakinka yake zuwa. Matakin farko dai ɗaya ne ga kowa.

Mataki na farko: kwashe shi tun yana sabo

Akwai wata tsutsar cikin kare da masana ke kira Toxocara, wadda ƙwayayenta ke fitowa cikin kashi. Ranar da suka fito ba sa iya kama kowa. Sai sun yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa sannan su nuna, idan kuma suka nuna suna iya yin shekaru a raye, bayan kashin ya daɗe da ɓacewa. Yaro ya yi wasa da wannan ƙasa ya kai hannu baki, shi ke nan, tsutsar ta samu ƙofa, wani lokaci har ido takan kai ta taɓa gani. Wata tsutsar kuma ta fata take shiga, ga mai yawo ba takalmi. Don haka wanda yake kwashewa kullum ya riga ƙwayayen, wanda yake jira sai ƙarshen wata kuwa ya makara, ko da ya share wurin tas.

Idan hadari ya haɗo, a gaggauta. Ruwan sama yana wanke kashin ya bi kwata ya faɗa rafi ko tafki, ba tare da an tace shi ba. A can sinadaran naitirojin da fosfaras da ke cikinsa suke ciyar da gansakuka, ta rufe ruwa, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu.

Kada kuma a ce ai daji ne, a tura shi gefe da sanda. Wani bincike da aka wallafa a 2022 kan gandayen da ke kewaye da birnin Ghent na ƙasar Beljiyam ya gano cewa karnuka suna zuba kimanin kilo 11 na naitirojin da kilo 5 na fosfaras a kowace hekta duk shekara. Wannan yana ba tsire-tsire masu haɗama damar danne sauran. Masu binciken sun ce kwashe kashin kawai yana kawar da kusan duk fosfaras ɗin. A makiyaya abin ya fi muni, domin kashin kare yana iya ɗauke da cutar da ke sa shanu ɓari, da kuma tsutsar da ke kama tumaki.

Mataki na biyu: da me za ka kwasa

A gida ba ka bukatar leda ko ɗaya. Ƙaramin shebur da bokiti mai murfi, waɗanda ba a amfani da su wajen komai sai wannan aiki, sun wadatar. A waje, tsohuwar jarida ko ledar da ta riga ta yi wani aiki ta fi sabuwa.

Ledojin da ake tallatawa da cewa suna ruɓewa, sai a yi hattara da su. Wasu roba ce zalla da aka sa mata sinadari don ta farfashe, sai ta koma ɓurɓushin roba a ƙasa. Tarayyar Turai ta haramta irin wannan tun 2021. A 2015 ma hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta aika wa kamfanoni 20 masu sayar da ledar kashin kare gargaɗi kan iƙirarin ruɓewar da suke yi. Ta gaskiyar, wadda ake yi da sitacin tsirrai, za ka ga lambar EN 13432 ko ASTM D6400 a jikinta. To ko ita, an gwada ta ne a masana'antar taki mai zafi da iska. Idan juji za ta je a danne ta da tarin shara, ba iska ba haske, ba wani abin kirki za ta yi ba. A ganina mutum ya fi damuwa da inda kashin zai ƙare, ba launin ledar ba. Masu ƙulle leda su rataye a reshe ko su jefa cikin ciyawa kuwa, laifi biyu suka yi a tashi ɗaya.

Mataki na uku: ina zai je

Bandaki shi ne mafi sauƙi, idan ruwan gidanka yana zuwa matatar ruwan ƙazanta ta gari. Ka juye kashin shi kaɗai, ba leda, ba ƙasa, ba tsakuwa, ka kora. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da wannan shawara, amma a Birtaniya kamfanonin ruwa suna hanawa, saboda ƙwayayen tsutsar nan suna da taurin rai. Ke nan sai ka tambayi hukumar ruwan yankinka tukuna. Idan ramin gida kake amfani da shi, kada ka ɗora masa wannan nauyi, gashin da ke cikin kashin yana toshe shi.

Mai fili, ramin narkarwa ya fi masa. Ga yadda ake yin sa.

Fara da gwada ƙasar. Haƙa ɗan rami ka cika shi da ruwa. Idan ka dawo washegari ka tarar da ruwan yana nan, ƙasar laka ce, ba za ta yi ba, wari kawai za ka tara wa kanka da maƙwabta. Idan ya tsotse, sai ka zaɓi wuri mai nisa da rijiya, rafi ko rijiyar burtsatse. Mita 30 ita ce tazarar da aka saba bayarwa tsakanin masai da rijiya, ita za ka bi a nan ma. Ya kuma yi nisa da inda ake shuka abin ci, kuma ba kwarin da ruwa ke kwanciya ba.

Samo tsohon duro ko babban bokitin roba mai murfi. Yanke gindinsa gaba ɗaya, ka huhhuda gefensa, amma ka bar sama kamar tsawon tafin hannu ba huji. Haƙa rami da ya ɗan fi shi zurfi, ka zuba tsakuwa a ƙasa, ka zura duron yadda bakinsa zai ɗan ɗara ƙasa don kada ruwan sama ya kwarara ciki, ka cike gefen. Daga nan aikin kullum ne: zuba kashi, rufe murfi. Sau ɗaya a mako ka zuba ruwa bokiti guda, lokaci-lokaci kuma ka barbaɗa garin nan da ake sayarwa na narkar da ramin masai. Ƙwayoyin halitta ne za su cinye shi ya zama ruwa ya sulale ƙasa. Kada ka zuba bilic ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ma'aikatanka za ka kashe. Inda ake tsananin sanyi, aikin yakan tsaya sai yanayi ya yi ɗumi. Murfin ya zama mai kamawa sosai, saboda yara.

Yin taki da shi yana yiwuwa, sai dai ya fi kowace hanya neman kulawa. An gwada shi sosai a Fairbanks ta jihar Alaska a Amurka tun daga 1991, wajen masu karnukan jan keken ƙanƙara, waɗanda ke tara kashi da yawa. Ma'aunin da suka fitar shi ne shebur 2 na kashi, aƙalla shebur 1 na garin katako. Busasshen ganye ko yankakkiyar ciyawa ma suna yi. A cakuɗa da kyau, a yayyafa ruwa har ya yi damshi kamar tsumman da aka matse, a rufe. Idan tarin ya kama aiki zai ɗauki zafi da kansa. Ana so tsakiyarsa ya kai digiri 63 a ma'aunin Salshiyas ya kuma tsaya haka kwanaki, wannan kuma dogon ma'aunin zafi ne zai gaya maka, ba hannu ba. Da zafin ya fara sauka sai a juya, na gefe ya koma tsakiya. Cikin mako 4 zuwa 8 zai yi baƙi, ya rugurguje, ya koma ƙanshin ƙasa, girmansa ya ragu da fiye da rabi. A bar shi ya ƙara kwanciya wasu watanni.

A nan ne mai kare ɗaya yake shiga matsala: ƙaramin tari ba ya riƙe zafi, don haka ƙwayayen tsutsa suna iya tsira. Shi ya sa, komai kyan takin, furanni da itatuwan ado kawai ake ba shi. Ba ya zuwa gindin kayan lambu, ba ya zuwa inda yara ke wasa, ba a kuma haɗa tarinsa da na sauran takin gida. Sa safar hannu, ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama.

Wanda ke zaune a bene, ba fili, hukumar ruwa kuma ta ce a'a, ya ƙulle a leda ya sa a kwandon shara, kada ya ji wani nauyi. Ya fi barin sa a titi nesa ba kusa ba. Kada dai ya sa shi cikin kwandon ganye da ragowar abinci sai in hukumar shara ta ce tana karɓa, domin wasu garuruwa suna karɓa, da yawa ba sa karɓa. Wasu wuraren sun ma wuce nan: a 2010 an kafa wata tukunyar gas a filin shaƙatawar karnuka a Cambridge ta jihar Massachusetts a Amurka, inda a lokacin masu kare suka riƙa zuba kashi, gas ɗin da ya fita ya riƙa kunna fitila.

Lokacin da ake ajiye duk waɗannan dabaru

Idan kare yana zawo, ko an ga tsutsa a kashinsa, ko likitan dabbobi ya ce cutar fabo ce, wato wata cuta mai saurin yaɗuwa da ke sa karnuka amai da zawo, kashin ba ya shiga rami ba ya shiga taki. A ninka leda a kai shara, domin ƙwayar fabo tana yin watanni a ƙasa tana jiran wani ɗan kwikwiyo. Haka nan 'yan kwanakin da suka biyo bayan ba shi maganin tsutsa, musamman ga mai yin taki da tana, saboda ragowar maganin yana kashe ta. Kashin kyanwa kuma kada ya raɓi tarin taki ko bandaki, yana ɗauke da wata cuta daban mai haɗari ga mai juna biyu.

Maganin tsutsar shi kansa a riƙa ba da shi a kan kari, bisa jadawalin da likitan dabbobi ya tsara. 'Yan kwikwiyo da uwa mai shayarwa su ne suka fi zubar da ƙwayaye, don haka nasu kashin ya kamata a fi saurin kwashewa, safe da yamma in da hali.