Yadda ake kewayawa a daji ba tare da ɓata ruwan sha ba

Duk wanda na taɓa rakawa tafiyar kwanaki a ƙafa, da jaka a baya, sai ya tambaye ni wane takalmi zai sa, me za a ci, ko waya tana kamawa a can. Ba wanda ya taɓa tambayata inda zai kewaya. Kunya ce, na sani. Sai da asubar farko ka hangi mutum ya ɗauki butarsa ya nufi bakin rafi, rafin da za a ɗebi ruwan shayi nan da rabin awa.

Ɗauki hanyar Chappal Waddi, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, mita 2,419, a gandun dajin Gashaka Gumti da ke jihar Taraba, daf da iyakar Kamaru. Kwana ake yi a hanya, masai kuwa babu. Ƙoramun da ke gangarowa daga tsaunukan nan su ne ruwan shan Fulanin da ke zaune a wurin da shanunsu, su ne kuma ke taruwa su shiga kogin Taraba har su kai Binuwai. Kai baƙon kwana uku ne. Su nan ne gidansu.

Kayan aiki ba su da yawa: abin haƙa, buta, guntun sabulu, da leda biyu masu kauri. Ni cokalin magina nake riƙewa, tsoho wanda bakinsa ya ɗan cinye. Akwai na roba da ake tallatawa a intanet da tsada, amma fakon rani ba ya jin kunyarsu. Idan buta ta cika maka jaka, huda murfin gorar ruwa da ƙusa mai zafi, ka yi mata alama don kada wani ya kafa mata baki.

Da farko ka zaɓi wuri. Ƙa'idar da ƙungiyar Leave No Trace ta Amurka ke koyarwa ita ce ka yi nisan mita 60 daga ruwa, daga hanya, da kuma inda aka yada zango. Wajen taku 70 ke nan na babban mutum. Ƙirga su, kada ka yi kirdado, domin wanda ciki ya matsa taku 20 gani yake ya yi tafiyar yini. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: tun a makarantar allo aka karantar da mu hadisin da ya hana bahaya a mashaya, da kan hanya, da inuwar da mutane ke hutawa. Busasshen kwari ma ruwa ne. Yashinsa yana da daɗin haƙa, shi ya sa sababbin zuwa ke son sa, amma ruwan farko na damina zai kwashe abin da ka binne ya kai wa na ƙasa. Ramin da ka tarar a haƙe kuma ba naka ba ne, yana da mai shi, kuma ba ka son ganawa da shi kana tsugune.

Sai rami. Zurfinsa santimita 15 zuwa 20, taƙi guda ke nan. Kada ya gaza haka, kare ko dila zai tone, ƙuda su samu. Kada kuma ka zarce, domin ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ƙazanta a baƙar ƙasar sama suke, can ƙasa abin zama kawai zai yi. Ciyawar da ka yanko a sama ka ajiye ta gefe guda ɗaya kamar faifai. Dabarar da na fi amfana da ita: haƙa raminka tun da yamma, da zarar an kafa tanti, ka riƙe wurin a ka. Haƙa a cikin duhu da sanyin tsauni, ciki yana murɗawa, ba ta taɓa kai taƙi.

Yanzu ga inda muke faɗuwa. Waɗanda suka rubuta ƙa'idojin nan masu amfani da takarda ne, mu kuwa da ruwa muke tsarki, kuma a nan na ga mutanen kirki suna rushe duk wahalar da suka sha. Mutum ya yi takunsa 70, ya haƙa rami, ya binne, sannan ya ga ruwan butarsa bai isa ba, sai ya gangara bakin ƙorama ya ƙarasa. Ni ma na taɓa yi a tafiyata ta farko, wani dattijo mai yi mana jagora ya gan ni ina hawowa. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Yaro, ka san wa ke ƙasa da kai?" Ban sake ba. Ruwan tsarki yana ɗauke da abin da bayan gidan ke ɗauke da shi, kwalara ce, taifot ne, tsutsar ciki ce. Don haka cika butarka taf kafin ka tafi, ka yi tsarkin a kan ramin, ruwan ya zuba a ciki, kafin ka rufe. Idan ruwa ya yi ƙaranci, fara da hoge, duwatsu uku ko fiye, ka jefa su a ramin, sannan ɗan ruwan ya wadatar. Ganye kuwa, in ba ka san shi ba ka ƙyale shi, daji cike yake da masu ƙaiƙayi. Butar kanta kada ka tsoma ta a rafi, ɗebo da wani mazubi ka zuba mata.

Za ka ji ana cewa fitsari ba shi da wata illa. A ƙasashenmu ba haka ba ne. Tsargiya, ciwon fitsarin jini, ta fitsari ƙwayayenta ke shiga ruwa, su shige jikin katantanwa, su fito su huda fatar wanda ya shiga wanka. Mai ita ba lalle ya san yana da ita ba. Shi ma a yi nesa da ruwa, a kan tsakuwa ko dutse.

Da ka gama, ɗauki tsinke ka ɗan cuɗa ƙasa a ciki, ya fi saurin ruɓewa. Mayar da ƙasar, danna da ƙafa, ɗora faifan ciyawar. Cokalin kuwa, ƙasa kawai yake taɓawa. Masu yi a fili su kifa dutse a kai, wannan ba binnewa ba ce, tarko ne aka ɗana wa mai neman murhu.

Tishu, da jiƙaƙƙen tsumman goge jarirai, da audugar mata, duk cikin leda za su, a ƙulle, a saka a ta biyu, a sauko da su gari. Tsumman da audugar akwai roba a jikinsu, ba sa ruɓewa. Ɗan barbaɗin toka mai sanyi yana kashe warin. Kada ka ƙyasta wa tishu ashana, musamman da hunturu, ciyawar tsauni ba ta jiran gayyata. Sannan hannu da sabulu, a nan inda kake, ba a rafi ba, tun kafin ya shiga kwanon da kowa ke ci.

Idan kuna da yawa kuma za ku kwana biyu a zango ɗaya, ku haƙa dogon rami guda mai zurfin nan, kowa ya yi a gefe ɗaya ya rufe nasa, a rataya hula a reshe alamar da mutum. Inda dutse ne zalla babu wurin haƙa, a leda ake yi a ɗauko. A tsaunin Whitney na jihar Kalifoniya ta Amurka doka ce, kowa da ledarsa yake saukowa. A irin wannan wuri leda uku nake sawa ni, da toka, a aljihun wajen jaka, nesa da garin kwaki.