Karen farauta ya tsufa: yadda za ka sama masa gida

A Ingila, karnukan tseren nan masu dogayen ƙafafu da siririn ƙugu suna gudun kusan kilomita 70 a awa, amma yawancinsu ana sallamarsu daga tsere kafin su wuce shekara biyar, alhali suna iya kaiwa shekara 12 a duniya. Shi ya sa tun 1975 suke da ƙungiyar da aikinta ke nan, nema wa karen da ya bar fili gida. Mu nan Njamena ba a tseren kare, sai na doki, amma muna da danginsu: karnukan farautar da ƙafa ta fara yi wa nauyi, maigidan kuma ya ce ba zai ciyar da wanda ba ya kamo zomo ba. Irinsu nake sama wa wuri.

Kafin ka yi wa kowa tayi, kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar haukan kare, a ba shi maganin tsutsar ciki, a cire masa kaska. Ka karɓi katin allurar, da shi za a tafi.

Sai zaɓen gida, nan ne aikin yake. Wanda ya fara cewa "ba ni shi" sau da yawa mai gadi yake nema, shi kuwa wannan kare bai cika haushi ba, in ya ƙoshi barci ne aikinsa. Bayan sati biyu a ce ba shi da amfani, a kore shi bola. Ni na fi son mai lambu ko mai garke a bayan gari. Ko hadisi ma farauta da gona da dabbobi ya keɓe wajen ajiye kare, don haka mutumin ba zai riƙe shi da rabin zuciya ba. Ka je da ƙafarka ka ga wurin. Akwai inuwa? A zafin Afrilu kare maras kitse, mai fata sirirya, ba ya jure kwanan rana, ba kuma ya jure sanyin hunturu a ƙasa tsura, sai an shimfiɗa masa buhu. Akwai kaji, zabi ko 'yan awaki? Faɗa wa mutumin gaskiya: duk abin da ya ruga a gabansa, binsa zai yi. Kwanakin farko a riƙe shi da igiya, da takunkumi in da hali, har ya saba da na gida.

In lambun a bakin kogin Shari ko Logon yake, ka ja masa kunne a kan kayan cikin kifi. Tun 2012 ake samun kurkunu a jikin karnukan bakin kogin nan, kuma ɗanyen hanjin kifi na cikin abin da ake zargi. A binne shi ko a ƙona. In aka ga ƙurji a ƙafarsa, a ɗaure shi nesa da ruwa, a sanar da ma'aikatan lafiya.

Kasuwa kuwa, kar ma ka soma. Ba ka san wanda ya saya ba, ba ka san ko tukunya ce ƙarshensa ba. Kyauta nake bayarwa, da sharaɗi ɗaya: in sun gaji da shi, ni za su maido wa. Ka bi shi da kwanonsa da abincin da ya saba, ka leƙa bayan sati ɗaya. In ka tarar awazunsa sun ƙara fitowa ko yana ɗaure a rana, ɗauko abinka.