Yadda na gyara matsalar sautin goge a Zoom

Lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu aka ce mu koma koyarwa ta intanet, ni kuwa goge da kalangu nake koya wa ɗalibai a jami'a, wallahi satin farko na ci kwakwa. In ina magana suna ji tangaran, amma da na ɗora izga a kan goge sai sautin ya ɗauke, har wata ɗaliba ta ce "Malam, kamar a cikin rijiya kake kaɗawa." Na ɗora wa netwok laifi, na canja layi, har sabon makirfo na sayo, duk a banza.

Ashe Zoom ɗin ne da kansa. Don muryar mutum aka yi shi, duk wani dogon sauti sai ya ɗauka ƙarar fanka ce ko janareto ya danne shi. Na shiga saitin sauti na kunna Original Sound, wato wanda ke barin sauti ya wuce yadda yake ba a danne shi ba, na kashe abin da ke daidaita ƙarfin makirfo da kansa, na sa iyafis, shi ke nan goge ya dawo da zaƙinsa.

Kaɗa tare kam haƙura na yi, sauti yakan makara a hanya, kalangu kuma ba ya jira. Sai na koma ina kaɗawa kowa ya kashe makirfonsa yana bi na, aikin gida kuma su ɗauki bidiyo su turo ta WhatsApp, kyamara saitin yatsu ba fuska ba.