Kurakuran da iyaye suka fi yi in za su kai yara ziyara ƙasar waje

Karo na uku ke nan a shekarar nan wata ta kira ni hankali a tashe, saura sati biyu tafiya, an sayi tikiti an gama ɗaure tsaraba, kuma matsalar dai ita ce ta fasfon yaro, wadda ni ma ta taɓa cinye min kuɗi ta sa ni kuka. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk mai shirin kwasar yara zuwa wajen 'yan uwa a waje ya karanta, gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah.

Fasfon yaro. Don Allah kafin ku ci gaba da karatun nan ku tashi ku ɗauko na kowane yaro ku duba ranar ƙarewarsa. A ƙasashe da yawa fasfon babba yana kai shekara 10 amma na yaro shekara 5 ne, toh sai uwa ta buɗe nata ta ga da sauran lokaci, ta ɗauka duk gidan haka yake tunda rana ɗaya aka yi su. Haka na yi shekarar da za mu je wajen Yayata a Jamus. Mun daɗe muna jiran ranar miƙa takardun biza, ranar ta zo na kwashi yara uku tun asuba, muka yi layi, matar da ke bayan gilashi ta buɗe fasfon na tsakiyan ta ɗora yatsa a kan kwanan watan, ta kalli ranar dawowarmu, sai kawai ta turo min shi ta ƙasan gilashin. Fasfon bai mutu ba fa, sati bakwai ya rage masa bayan ranar dawowa, su kuma ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya da Jamus ke cikinsu, dokarsu sai fasfo yana da saura aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka fita. Wasu ƙasashen ma wata 6 suke nema.

Wallahi ba kuɗin canjin tikitin ne ya fi ci min rai ba, duk da mai arha muka saya wanda ba a mayar da kuɗinsa. Yaya ce. Ta riga ta ɗauki hutunta na shekara daidai kwanakin da muka ce za mu zo, sannan takardar ɗaukar nauyinmu da ta je ofis ta yi tana da wa'adin wata 6, kafin a sabunta fasfo a sake samun rana ta lalace, sai da ta sake neman izini a wajen aiki ta yo wata. Da muka iso daga baya ita tana aiki mu muna zaune a gida. Yanzu ni duk fasfon da bai kai shekara ɗaya a gaba ba sabunta shi nake yi kafin ma in ce wa kowa muna tafe, kuma ba na biyan tikiti sai na ga biza manne a fasfon kowa har jaririya, don ita ma tata daban ce. Wasu za su ce tikiti zai yi tsada in an jira, eh zai yi, na yarda in biya.

Tunda ana maganar takardu, ku duba rubutun sunan yaro a tikiti ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. In ke kaɗai za ki yi tafiyar ba tare da baban yara ba, ki riƙe takardar amincewarsa da sa hannunsa, da kwafin fasfonsa da takardun haihuwa, ana tambaya a kan iyaka musamman in sunan mahaifinsu bai fito a fasfonki ba. Bizar Shengen kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 ga kowane mutum, kar ki ce ai yaro ne.

Na biyun da ya taɓa wahalar da ni shi ne sauya jirgi a ƙurarren lokaci. Mutane ku daina zaɓen tikitin da zangonsa awa ɗaya ne wai don a isa da wuri, wannan lissafin mai tafiya shi kaɗai ne da jaka ɗaya a kafaɗa. Mu awa ɗaya da minti goma aka ba mu, jirgin farko ya makara kaɗan, masu yara kuma kusan kullum su ne ƙarshen fita saboda sai ka tattara takalmi ɗaya a ƙarƙashin kujera, fida a wani wajen, keken jaririyar da na ɗauka zan tarar a ƙofar jirgi ashe ya wuce cikin manyan kaya, ga babban ya ce fitsari, ga layin bincike na biyu. Muna isa ƙofar an rufe. Sai washegari wani jirgin, akwatunanmu ba sa hannunmu, kuma a cikinsu na zuba famfas da madara da kayan canji duka don in rage nauyin jakar hannu. Famfas biyu suka rage min, jaririya ta yi amai a jikina tun a sama, da rigar nan na kwana a kan benci ina jijjiga ta tana kukan yunwa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Tun daga ranar ba na karɓar zangon da bai kai awa 3 ba, kuma tikitin ya zama guda ɗaya daga farko har ƙarshe, don in ka sayi biyu daban-daban ka rasa na biyun, babu mai sauya maka kyauta. Jakar hannu kuma ina shirya ta kamar za mu kwana biyu a hanya, famfas ninkin abin da na lissafa, kayan canji biyu ga kowane yaro, riga ɗaya tawa, leda ta kayan da suka ɓaci, maganin zazzaɓi, da zanen goyo. Kar dokar nan ta hana saka abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 a jakar hannu ta tsorata ki, madarar jariri da abincinsa an ware su, ki fito da su daban a wajen bincike ki faɗa musu.

Ƙananan abubuwan lura kuwa ga su. Kunne ya fi ciwo lokacin sauka, ki ba jariri nono ko fida da zarar jirgi ya fara yin ƙasa, manyan a ba su abin taunawa. Yaron da bai kai shekara 2 ba a cinya yake tafiya, amma in zai cika biyu kuna can toh dawowa sai da kujerarsa, ku gaya wa kamfanin tun wajen saye. Ɗan gadon jariri da ake maƙalawa a bangon jirgi kaɗan ne, tun ranar sayen tikiti ake nema. Kar ki ɗura wa yaro maganin mura don ya yi barci, wani ma ƙara birkice masa yake yi. Nama da kayan madara ba sa shiga Tarayyar Turai a jakar matafiyi, ƙwacewa za a yi, sai dai madarar jariri ta gari a rufe cikin gwangwaninta da ba ta wuce kilo 2 ba. Na kan rubuta lambar wayar mai masaukinmu a takarda in sa a aljihun kowane yaro.

Sai kuma abin da ba a son faɗa, gidan da za ku sauka. Haba jama'a, a ce mutum ya kwaso yara huɗu ya ce wata biyu zai yi, bai tambayi ɗaki nawa ne a gidan ba, bai tambayi yaushe masu gidan suke da hutu ba? 'Yar uwarki tana son ganinki, kunya ce ba za ta bari ta ce kwanakin sun yi yawa ba, ke ce za ki tambaya ki kuma rage da kanki. Yawancinsu gidan bene ne, maƙwabci a sama maƙwabci a ƙasa, a Jamus daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, ranar Lahadi ma haka kuma shaguna a rufe, yaranki kuwa ba su san wannan ba, suna ta tsalle a kan dabe, bayan kun tafi ita za a bari da ƙorafin maƙwabta. Sannan mota. A can yaron da bai kai shekara 12 ba kuma tsayinsa bai kai santimita 150 ba dole sai da kujerar yara, ba a rungume jariri a cinya, in an kama tarar a kan direba take. Ki turo shekarun yaran da tsayinsu tun sati biyu kafin zuwa don a aro kujerun, in motar ba za ta ɗauke ku duka ba a san yadda za a yi tun kafin ku tsaya cirko-cirko a filin jirgi.

Kwana biyun farko ni ba na yarda a kai mu ko'ina, ko gaishe-gaishe ne, yara su yi barci su fita su sha rana kaɗan har jikinsu ya kama lokacin garin, in akwai tazarar awanni tsakaninku kusan kwana ɗaya ake lissafa wa kowace awa. In lokacin sanyi ne kuma kar ki ɓata kilonki da rigunan sanyin da kika saya a ƙasa mai zafi, ba sa tare komai, ki ce Yaya ko Anti ta zo filin jirgin da na yaranta da suka yi musu kaɗan, da hula da safa, a saka musu tun kafin a fita ƙofa.