Yadda na gyara agogon sabar da ta yi gaba

Ranar Laraba bayan la'asar wani Alhaji mai shagon atamfa a Kantin Kwari ya kira ni ransa a ɓace: "Malam, manhajar nan taku ta hana ni shiga, wai lambata ta mutu." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa magariba."

Lambar shigarmu tana canzawa duk daƙiƙa 30, kuma da agogo ake lissafa ta. Abin da ya ɗaure min kai, wani sa'in ta karɓu, wani sa'in ta ƙi. Sabobi uku, wato kwamfutocin da ke ɗauke da manhajar, muke haya a AWS, sashen Amazon mai ba da hayar kwamfutoci ta intanet. Da na buga date, umarnin da ke nuna lokaci, a kowacce, sai ga ɗaya ta yi gaba da daƙiƙa 95. Duk wanda ya faɗa hannunta, ta kore shi.

Laifina ne. Watannin baya na toshe ƙofar sadarwa ta UDP 123 wajen ƙara tsaro, alhali ta nan NTP, tsarin daidaita agogon kwamfutoci, ke saita lokaci. Agogon na'ura kuwa kullum zamewa yake kaɗan-kaɗan.

Na sa chrony, shirin saita agogo, na nuna masa adireshin 169.254.169.123, agogon Amazon na cikin gida wanda ba ya bi ta intanet. Kafin in buga chronyc makestep, umarnin da ke gyara agogo nan take, sai da na janye sabar daga aiki, domin mayar da lokaci baya farat ɗaya yana hargitsa jerin bayanan ciniki, kuma kuɗin mutane ne a ciki. Sabobin dukkansu na bar su a UTC, lokacin bai-ɗaya na duniya, lokacin Kano mai ƙarin awa ɗaya sai a fuskar manhaja.

Yanzu in saɓanin ya kai rabin daƙiƙa, saƙo ke shigowa wayata.