Kurakuran da Masu Zuma Ke Yi a Sitikar Kwalba, da Yadda Za a Gyara Su

Zuma ta daɗe tana shan zargi a kasuwa. Duk wanda ya ɗauki kwalba sai ya juya ta, ya ɗaga ta a hasken rana, ya tambaya ko an haɗa da sukari. In kana wurin, bakinka zai kare kayanka. Amma da zarar kwalbar ta hau kantar wani shago a Kaduna ko Abuja, sitikar da ka manna ce kaɗai za ta yi magana a madadinka. Na daɗe ina ɗura zumar amyoyin gidanmu, kuma wasu daga cikin kurakuran nan da kuɗina na koye su.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne gaggawar bugawa. Karon farko da na je wurin mai buga sitika, ya ce in na buga da yawa farashi zai sauka, ni kuwa na amince, har da ranar ɗurawa a cikin zanen. Zumar wannan ɗiban ta ƙare, sitika ta rage fal a kwali, kowace ɗauke da kwanan watan da ya wuce. Gyaran mai sauƙi ne: ka bar fili fari a zanen don ranar ɗurawa, ranar da ya fi kyau a sha kafin ta, da lambar rukuni, wato lambar da ke bambanta ɗiba ɗaya da wani, sannan ka sayi hatimin kwanan wata ka riƙa bugawa duk ranar da ka ɗura. Lambar rukunin kuma ka rubuta ta a littafi tare da inda zumar ta fito. Ranar da wani ya dawo da kwalba tana kumfa tana tsami, alamar ruwan da ke cikinta ya haura kashi 20 cikin ɗari saboda an ɗebi saƙar da ba ta nuna ba, littafin nan ne zai gaya maka sauran kwalaben da za ka janye. Haka kuma, in kana neman rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kada ka buga da yawa kafin su duba zanen, domin duba sitika yana cikin aikin rajistar, kuma suna iya cewa a sauya wani abu.

Sai batun awo, wanda mutane da yawa ke kuskurewa ba da niyyar cuta ba. Zuma ta fi ruwa nauyi. Lita ɗaya tana kai kusan kilo 1.4, don haka kwalba mai cin rabin lita tana ɗaukar kimanin giram 700. Mai zuma sai ya ga an rubuta 500 a gindin kwalba, wato mililita 500 ko rabin lita, ya sa a buga masa giram 500, ya cuci kansa. Wani kuma ya rubuta kilo ɗaya a kwalbar da ba ta kai ba, ya cuci mai saye. Ka ɗora kwalbar wofi a sikeli, ka cire nauyinta da na murfi, ka rubuta nauyin zumar zalla, ka kuma riƙa cikawa daidai da abin da ka rubuta.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi haɗari, shi ne mayar da sitika takardar asibiti. Za ka ga an jera: maganin ciwon suga, hawan jini, gyambon ciki, basir, ƙarfin maza. Babu mai musun amfanin zuma, kuma mun san abin da Allah Ya faɗa a kanta a Suratun Nahli, aya ta 69. Amma yarda da albarkar zuma daban, yi wa majinyaci alkawarin warkewa a rubuce daban. Dokar abinci ba ta yarda a rubuta cewa abinci yana warkar da wata cuta ba, kuma wannan kaɗai ya isa a ƙi yi maka rajista ko a kwashe kayanka daga kanti. Abin da ya fi damuna ma ba hukuma ba ce. Zuma galibinta sukari ce ta halitta. Ka yi tunanin dattijon da ke fama da ciwon suga, ya karanta sitikarka, ya ajiye maganinsa ya koma shan cokali uku safe da yamma. Wannan alhakin ba na so ya hau kan kowa. Ka goge jerin cututtukan gaba ɗaya. Ayar ma shawarata kada ka buga ta a jikin kwalba, domin in zuma ta ƙare, bola ko kwata kwalbar ke tafiya.

Lambar NAFDAC ba a aronta. An kafa hukumar a 1993, kuma lambar da take bayarwa ta kaya ɗaya ce, na mai sana'a ɗaya. Ɗaukar ta abokinka, ko ta wani ruwan leda, ko ƙirƙiro wata, laifi ne da ke kai mutum kotu. In ba ka samu taka ba, kada ka rubuta komai da zai sa a zaci kana da ita. Ka fara da rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, sannan ka je ofishin NAFDAC na jiharka ka ji sharuɗɗan masu ƙananan sana'o'i. Kuma sunanka da cikakken adireshin inda ake ɗurawa dole su fito. Lambar waya da shafin Instagram ba su wadatar ba.

Sunan kayan ma amana ne. In ka rubuta zuma, to zuma ce zalla, ba a ƙara mata komai ba. In ka haɗa da citta, tafarnuwa ko habbatussauda, ta zama haɗi, sai ka faɗi haka a sunan, ka jera kayan haɗin daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Kada ka rubuta zumar Mambila alhali daga dajin garinku ka ɗebo. Sunan garinku ba abin kunya ba ne, kuma shi ne wanda ba za a ƙaryata ka a kansa ba.

Game da harshe, doka ta ce bayanan dole su kasance da Turanci, amma ta ba da damar ƙara wani harshe. Ka sa Hausa a gefe, har ajami in masu sayenka suna karantawa. Sai dai ka duba samfuri da idonka kafin a buga, domin wasu salon rubutun kwamfuta ba su san ƙ, ɗ da ɓ ba. Na ga kwalbar da aka so rubuta "farar saƙa", sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar kalmar. Takardar ma kada ta zama ta firintar ofis. Ɗigon zuma ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma sun isa su wanke tawadar. Ka nemi sitika mai rufin leda, ka manna a sabuwar kwalba busasshiya, ba gorar ruwan da aka sha aka yar ba, ka kuma sa abin liƙe murfi.

Layi biyu ne nake roƙon kowa ya ƙara, ko da wuri ya yi ƙaranci. Na farko: zuma tana iya daskarewa lokacin hunturu, wannan halinta ne, a sa kwalbar cikin ruwan ɗumi ta narke, kada a tafasa. Wannan zai raba ka da zargin haɗa sukari. Na biyu: kada a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba. Na san a gidaje da yawa ana lasa wa sabon haihuwa zuma da kyakkyawar niyya, amma tana iya ɗauke da ƙwayar wata cuta da hanjin jariri bai yi ƙwarin yaƙarta ba, wadda ke saukar masa da jiki har numfashi ya gagara. Ka rubuta shi da Hausa, da manyan baƙaƙe, a inda kaka ko ungozoma za ta gani.